Yadda ake ba limaman Buddha sadakar asuba a Luang Prabang

A wannan garin na ƙasar Laos, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1995, kullum da asuba limaman sukan fito a jere, ƙafa babu takalmi, kowa rataye da kwanonsa.

1. Turara shinkafa mai danƙo tun da duhu, ka zuba a ɗan kwando.
2. Sa tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa.
3. Cire takalmi, durƙusa kan tabarma a bakin titi.
4. Gutsuro loma, saka a kwanon duk limamin da ya wuce. Mace ba ta taɓa su, ko rigarsu.
5. Yi shiru. Ba sa godiya, a wurinsu mai bayarwa ne ya sami lada. Kuma don Allah kar ka haska musu fitilar kyamara a fuska.