Yadda ake gano ƙwayoyin gadon da ke aiki a amigdalar ɓera

Amigdala wani ɗan yanki ne can cikin ƙwaƙwalwa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, mai kula da tsoro da tuna abin da ya taɓa firgita dabba. Kusan duk tantanin jikin ɓera ƙwayoyin gado iri ɗaya yake ɗauke da su. Abin da ya bambanta su shi ne wanne ke kunne, wanne ke kashe. Wanda ke kunne yana fitar da RNA, wato kwafin saƙon da ke cikinsa, kuma RNA ɗin nan ake ƙirgawa.

Da farko sai a samu amincewar kwamitin da ke kula da dabbobin gwaji. Irin ɓeran da aka fi amfani da shi shi ne C57BL/6J, na Jackson Laboratory da ke jihar Maine a Amurka. A zaɓi tsararraki, a raba su gida biyu: waɗanda za a koya wa tsoro, wato a kunna musu sauti sannan a ɗan ja su da lantarki a ƙafa, da waɗanda za su ji sautin kawai.

Lokaci kuwa ba abin wasa ba ne. Ƙwayoyin gado irin su Fos da Arc da Egr1 sukan tashi cikin kusan rabin awa, kuma ɗaga ɓera da hannu kaɗai ya isa ya motsa su. Saboda haka mutum ɗaya ya riƙa ɗaukar su, a sa'a ɗaya kullum, ana cakuɗa rukunonin biyu. Wanda ya gama da rukuni ɗaya da safe ya bar ɗayan sai la'asar, agogon jikin ɓera ya auna, ba tsoro ba.

Da an cire ƙwaƙwalwar, a daskarar da ita ta hanyar tsoma ta cikin ruwan sinadarin isopentane da aka sanyaya da busasshiyar ƙanƙara, a ajiye a ma'aunin sanyi -80 na Celsius. Safar hannu dole ce, domin a fatar mutum akwai sinadarin RNase mai cinye RNA.

Yanzu ga inda aikin yake, wato yanka. A cikin kirayostat, injin da ke yanka a sanyin kusan -20, ake fere ƙwaƙwalwar falle-falle, kaurin maikiron 200 zuwa 300, wato ƙasa da sulusin milimita. Amigdala tana bayyana wajen milimita 1 zuwa 2 a bayan bregma, mahaɗar ƙasusuwan ƙoƙon kai da ake auna komai daga gare ta. A buɗe taswirar ƙwaƙwalwar ɓera ta cibiyar Allen da ke Siyatil a gefe ana kwatantawa, sannan a huda da siririn bututu mai faɗin rabin milimita zuwa milimita 1. Abin da zai fito bai kai ƙwayar gero ba. Kuma amigdala ba abu guda ba ce: ɓangaren gefe, BLA, galibi tantani masu zuga ne, masu aiki da sinadarin gulutamet, na tsakiya kuwa, CeA, masu danne saƙo ne da sinadarin GABA. In aka haɗa su a bututu ɗaya, tashin wannan sai ya ɓace cikin faɗuwar wancan. A ganina, gara a sha wahalar raba su. A kuma ɗauki hoton kowane falle bayan an huda.

Sauran aikin sananne ne. A tatso RNA da sinadarin TRIzol ko kayan RNeasy na kamfanin Qiagen, a duba ingancinsa da injin Bioanalyzer. Makin ingancin da injin ke bayarwa, RIN, daga 1 zuwa 10 yake, ƙasa da 7 kuma abin zargi ne. A karanta jerin RNA ɗin a injin Illumina, karatu miliyan 20 zuwa 30 kan kowane samfuri, a jera su kan taswirar gadon ɓera ta GRCm39 da manhajar STAR.

Kafin a kunna manhajar DESeq2 don kwatanta rukunoni, a fara tambayar samfurin daga ina ya fito. Ƙwayoyin gadon da ke kunne su ne shaida: BLA na gaskiya zai nuna Slc17a7 da yawa, CeA zai nuna Prkcd da Sst. In Ttr ya yi sama a wasu samfura, bututun ya ɗebo naman da ke samar da ruwan ƙwaƙwalwa, ba wani babban bincike aka gano ba. Xist kuwa, da yake a jikin mace yake kunne, zai tona asiri in an rubuta namiji a kan bututun mace.

Ƙwayoyin gadon da suka tsallake ma'aunin FDR na 0.05, mai tace sakamakon ƙarya, a sake gwada su da qPCR, wata hanyar auna yawan RNA, a kan sababbin ɓeraye, ko a yi RNAscope, mai sa wa RNA alama, a ga wane tantani ne ke ɗauke da su a cikin fallen kansa.