Yadda Za Ka Yi Idan Aka Fasa Maka Mota a Ƙofar Gida a Saudiyya

A unguwanni irin su Karantina da Sabil a Jidda, ko Shari'u Mansur a Makka, yawancinmu ba mu da gareji. A bakin titi mota take kwana, a gindin imara, wato benen da muke zaune a ciki. Masu wannan ta'asa kuma ba mota ɗaya suke fasawa ba. Layi suke bi cikin dare suna jan ƙofofi, wadda aka manta ba a kulle ba su buɗe, wadda suka hango jaka a ciki su fasa ƙaramin gilashin baya. Abin da ke damuna shi ne yadda mutanenmu kan share ɓaraguzan gilashin su ce Allah ya mayar da alheri, abin bai kai a je wurin shurɗa, wato 'yan sanda, ba. Ya kai. Rahotonka ne zai haɗu da na maƙwabcinka, sannan 'yan sanda su gane cewa hannu ɗaya ne ke yawo a layin.

Da farko, kada ka taɓa motar. Na san zuciya za ta ja ka ka buɗe aljihun gaba ka duba ko istimara, wato takardar rajistar mota, tana nan, amma ka daure. Idan masu ɗaukar zanen yatsa suka zo, mariƙin ƙofa da gefen gilashi da murfin aljihun nan su ne wuraren da za su fi dubawa, kuma da ka shafa hannunka a kai ka lalata musu aiki. Ka hana yara da 'yan kallo matsowa. Ka tsaya daga waje ka ɗauki hotuna da waya: gilashin da aka fasa, lambar motar, inda take tsaye, da duk abin da aka yar a ƙasa.

Sai ka kira. A yankunan Makka da Madina da Riyad da Sharƙiyya lambar ita ce 911, Jidda kuma cikin yankin Makka take. A sauran yankuna 999 ce. Ka faɗi unguwa da titi da lambar mota, da lokacin da ka ajiye ta da lokacin da ka ga ɓarnar. Idan Larabcinka bai nuna ba, ka sa wanda ya iya a kusa da kai. Akwai kuma manhajar Kulluna Amn ta hukumar tsaro, wadda ake tura rahoto da hoto ta cikinta.

Kafin su iso, ka rubuta abin da ka tabbata yana cikin motar. Kada ka ƙara ko riyal ɗaya, don za a maimaita maka tambaya, kuma magana biyu tana raunana ƙara. Idan katin banki na Mada yana ciki, ka rufe shi nan take ta manhajar banki. Idan waya ce, ka sa kamfanin layin ya dakatar da shi, domin a wannan lambar ake turo maka lambobin sirri na Absher, manhajar hidimomin gwamnati, da na banki. Ka nemo kwalin wayar, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, tana jikinsa.

Batun kyamara shi ne inda ake yawan yin kuskure. Ka zagaya ka lura da inda suke: baƙala (kantin kayan masarufi), shagon wanki, masallaci, ƙofar imara. Ka roƙi harisi, wato mai gadin imara, ko mai shago ya adana hoton daren, tunda na'urar kan goge tsoho ta ɗora sabo a kai bayan 'yan kwanaki. Amma kada ka kwafe shi a wayarka, balle ka watsa a guruf ɗin WhatsApp na unguwa. Dokar kyamarorin tsaro ta 2022 ta hana kwashe ko yaɗa waɗannan hotuna ba da izinin hukuma ba, tarar kuwa riyal 20,000 ce. Idan kuma ka liƙa hoton wani yaro ka ce shi ne ɓarawo, dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, kan ɓata suna. Ga asarar gilashi, ga shari'a a wuyanka. Naka kawai ka gaya wa jami'in inda kyamarar take, shi zai karɓa ta hanyar da kotu za ta amince da ita.

Daga nan sai ofishin shurɗa na unguwarku. Wanda sunansa ke kan istimara shi ya fi dacewa ya je, riƙe da iƙamarsa, wato katin izinin zamansa. Idan motar kafili ce, wato wanda kake zaune a ƙarƙashin sunansa, ko ta kamfani, ka sanar da su tun da safe. Kada ka fito sai da lambar rahoton a hannunka, da ita za ka riƙa bibiya. Idan an haɗa da iƙama, ka sa a rubuta a ciki, kafili ya nemi sabuwa, kafin nan ka riƙa nuna ta cikin Absher. Fasfo kuwa sai ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarka da ke Jidda, su ma takardar 'yan sanda za su fara tambaya.

Ka ƙwanƙwasa wa maƙwabta, duk wanda aka taɓa tasa ya kai nasa rahoton daban, ku kuma sanar da umda, wato mai unguwa. Idan an kama wani, maganar za ta wuce ofishin mai gabatar da ƙara, ana iya kiranka ka gane kayanka, don haka ka ajiye rasit da kwalaye.

Gyaran gilashi sai bayan jami'ai sun gama dubawa. Idan inshorarka ta shamil ce, wato mai rufe har ɓarnar motarka, ka kira kamfanin da lambar rahoton kafin ka kai ta wurin gyara, ka tambayi abin da takardarka ta ƙunsa. Idan mai rufe ɓarnar da ka yi wa wani ce kawai, kuɗin gilashin daga aljihunka zai fito.