Kurakuran da aka fi yi wajen gwajin yashi da duwatsu masu silika

Kuskuren farko tun a bakin ramin da ake haƙo yashi ko dutsen ake yin sa. Mutum zai duƙa ya ɗebi inda ya fi fari, ya ƙulle a leda ya kai ɗakin gwaji. Sakamakon da zai fito na ledar ne kawai. A ɗebo daga wurare da zurfi daban-daban, a busar, a gauraya, a tara tsibi a raba shi huɗu, a ɗauki kashi biyu masu fuskantar juna, a yi ta maimaitawa har ya rage daidai abin gwaji.

Sai niƙa. Taurin kwaz, wato ma'adinin silika da ya fi yawa a cikin yashi, 7 ne a ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs, don haka yana kankarar injin ƙarfe ya kwashi ɓurɓushinsa. Ƙarfen da bai kai kashi 0.1 cikin 100 ba ma yana iya sa gilashin da aka yi da yashin ya yi kore-kore, kun ga ana iya zubar da darajar yashi mai kyau a banza. In ƙarfe ake son aunawa, a niƙa a turmin agat, wani dutse mai tauri.

Amma wanda ya fi damuna shi ne a ga silika da yawa a sakamakon XRF, wani gwaji da ake yi da hasken X-ray, nan take a rubuta "kwaz ne". XRF sinadaran da ke ciki kaɗai yake faɗa, bai san yadda suke a jere ba. Dayatomait na Bularafa a jihar Yobe silika ne, farin yashi ma silika ne, amma na farkon ɓawon ƙananan halittun ruwa ne, mara nauyi, mai ramuka, shi ya sa ake tacewa da shi. XRD, gwajin X-ray da ke nuna yadda sinadaran suke a jere, shi ne ke rabe su. Da hasken X-ray na tagulla, a zanen sakamakon kwaz yana fito da tsini mai kaifi a kusurwar digiri 26.6 da wani a 20.9, silikar dayatomait kuwa tudu mai faɗi take yi wajen digiri 22. Ɗalibai da yawa kan ɗauki tudun nan a matsayin matsalar na'ura, alhali shi ne amsar.

Akwai kuma mancewa da ruwan da ke cikin samfur. A busar a zafin digiri 105 na Celsius, a auna, a ƙona a wajen digiri 1000, a sake aunawa. In ba a rubuta abin da ya ragu ba, jimillar sinadaran dayatomait ko farar ƙasar Ƙanƙara ta jihar Katsina ba za ta kai kashi 100 ba.

Don Allah a sa takunkumin ƙura na gaske lokacin niƙa da tankaɗe. Ƙurar kwaz tana taurara huhu, kuma cutar ba ta warkewa.