Yadda Malami Zai Koyar da Rabon Iko a Cikin Aji

Malami ya fara da raba ɗalibai gida uku: majalisa, ɓangaren zartarwa da kotu. Daga nan 'yan majalisa su gabatar da ƙudiri, misali kan sharar aji, su yi muhawara, sannan su kaɗa ƙuri'a.

A nan ya kamata ya tsaya sosai, ya bayyana musu cewa a tsarin mulkin Najeriya na 1999, sanatoci 109 da wakilai 360 ne ke yin doka, kuma idan shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu cikin kwana 30, kashi biyu bisa uku na kowace majalisa na iya tabbatar da ita. Ɗalibin da dokar ajin ta zalunta sai ya shigar da ƙara kotu.