Yadda za ka ƙirƙiri dabbar hawa mai cin nama ta wata duniya, mai karatu bai yi maka dariya ba

'Yan uwa masu rubutun almarar kimiyya, musamman mu na nan Kebbi da ke turawa a guruf-guruf na WhatsApp da Wattpad, na lura da zarar jarumi ya sauka wata duniya to sai an ba shi wata ƙatuwar dabba mai fiƙa da farata ya ɗaura mata sirdi ya hau. Ba laifi, abin na da daɗin karatu. Matsalar dai yawanci doki ne kawai anka liƙa wa haƙoran zaki, ta yi gurnani a shafi na farko, daga nan har labari ya ƙare ba ta ci ba ta sha ba ta gajiya, jarumi ya ɗaure ta a gindin bishiya ya shiga fada gaisuwa ya fito ya tarar da ita tana jiransa. Wallahi mai karatun da ya taɓa kiwon ko da tunkiya ce ba zai yarda da wanga zance ba.

To ka fara daga cikinta, haƙora su jira tukuna. Ka duba duk abin da ɗan Adam ke hawa, doki da jaki da raƙumi da takarkari har giwa da ake hawa a Indiya, kaf ɗinsu ciyawa suke ci, kuma ba haka kawai abin ya zo ba. Wani masani Ba'amurke mai suna Raymond Lindeman ya fitar da bayani a 1942 a kan yadda ƙarfin abinci ke tafiya daga tsiro zuwa dabba, daga nan ne anka samo lissafin nan da ake koyarwa a sakandare cewa kusan kashi 10 cikin 100 kawai ke hayewa daga mataki zuwa mataki. Wato kafin ka ciyar da mai cin nama sai ka fara kiwon garke sukutum domin shi. Bari mu yi lissafin a fili. Masu dawaki kan ce kada kaya ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki, to in mahayinka da makamansa sun kai kilo 90 kana buƙatar dabba mai kilo 450. Namijin zaki da bai kai rabin haka ba yana cin wajen kilo 7 na nama a rana, kuma shi kwanciya ce sana'arsa, yakan yi har awa 20 yana hutu. Taka da za ta wuni da mutum a baya ka ƙaddara mata jar akuya guda kullum, ban ma tsananta ba. Mahaya 100, awaki 100 a rana, 3,000 a wata, ka je kasuwar Jega ka tambayi dillalai ko wane sarki ne zai iya wagga hidima.

Kar ka ɓoye wanga lissafi, shi ne ma labarin. Rundunar da ke hawan irin waɗanga dabbobi dole ta zama 'yar kaɗan, ta manya ce kawai, kuma duk ƙauyen da ta bi sai ta kwashe masa dabbobi, mu kam a wanga yanki ba sai an zaunar da mu an faɗa mana abin da kwashe garke ke yi wa gari ba. Ka ga nan take ka samu talakawan da ke tsanar mahaya, ka samu haraji na nama, ka samu dalilin tawaye, duk daga tumbin dabba guda.

In kuma kana son rage kuɗin cefane sai ka sa jininta ya zama mai sanyi irin na kada. Babban kada na iya yin watanni bai ci komai ba saboda ba ya ƙona abinci don ɗumama jiki, rana ke yi masa aikin. Ni wagga hanya ta fi burge ni, don tana zuwa da nata aibin kyauta: dabbar da rana ke tayarwa ba ta da wani kataɓus da asuba a lokacin hunturu, sai ta sha hantsi kafin ta iya gudu, kuma in ta ƙoshi to kwana da kwanaki tana kwance tana narkarwa ko ka yi ta dukanta. Abokan gaba sun san haka, kai ma ka san lokacin da za su kawo hari. Misali a ce duniyar taka fadama ce mai ambaliya irin ta Argungu zuwa Birnin Kebbi amma ta ninka ta sau dubu, dabbar kuma mu kira ta Ɓarzau, tana iyo tana tafiya a tudu, kifi take ci manya irin giwan ruwa, ka ga masunta sun shigo labari ke nan, su ke riƙe da abincin rundunar sarki, ranar da sunka yi fushi an shiga uku.

Sai batun bayan dabbar. Nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Ƙashin bayan doki a sandare yake ba ya lanƙwasa sosai shi ya sa sirdi ke zama, amma dangin kyanwa bayansu naɗewa yake yana miƙewa a kowane tsalle, da shi suke gudu. Rabbi, siririn dangin damisan nan, yana kai wa wajen kilomita 100 a awa amma 'yan mitoci ɗari kaɗan ne ya sare. Ka ɗora mutum a tsakiyar irin wanga baya ka ga aiki, awa kabu-kabu a hanyar da ruwa ya cinye, kafin a kai ko'ina ƙugunsa ya tashi aiki, ita ma dabbar ka hana ta gudun. Mafita ita ce ka matsar da mazaunin gaba zuwa kafaɗa inda motsi bai da yawa. Buzaye gaban tozo suke ɗaura sirdin raƙumi su ɗora ƙafa a wuyansa, masu giwa a Indiya kuma a wuya suke zama suna taɓa bayan kunnenta da yatsun ƙafa. Tun da halittar wata duniya ce kana da damar ba ta ƙafa shida, huɗu na baya su ɗauki kaya a kan ƙashi mai tauri, biyu na gaba su zama na cafka. Sai dai in ka yi mata shida to sauran dabbobin duniyar ma su zama masu shida, tsatso ɗaya ne, ba zai yiwu ita kaɗai ta fita zakka ba.

Batun girma kuma a yi hattara da zuzutawa. Tun 1638 Galileo ya rubuta cewa in ka ninka tsawon abu sau biyu nauyinsa sau 8 yake ƙaruwa, kaurin ƙashin da ke ɗauke da shi kuwa sau 4 kacal. Shi ya sa giwa ba ta tsalle. In lallai kana son dabba mai girman tirela kuma tana dirowa daga kan dutse to ka rage ƙarfin jan ƙasa na duniyar, a duniyar Mas kashi 38 cikin 100 ne na namu, mai kilo 70 zai ji kansa bai wuce 27 ba. Jimla ɗaya ta isa ka nuna haka, ba sai ka buɗe aji ba.

Yanzu babbar tambaya, mi zai sa ta yarda a hau ta? Kar ka ce soyayya, don Allah. Akwai bambanci tsakanin dabbar da anka horar da wadda ta zama ta gida. Gardawa masu wasa da kura mun san su, amma ka taɓa ganin sun cire takunkumi da sarƙa a cikin kasuwa? Sarki Akbar na Indiya da ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605 an rubuta cewa ya tara rabbi wajen 1,000 don farauta, amma daga daji ake ta kamo su saboda da ƙyar suke haihuwa a tsare, abin da ba ya haihuwa a hannunka kuwa ba za ka iya zaɓen iri ba. Zaɓen irin shi ne sirrin, a 1959 Dmitri Belyaev ya fara gwaji a Saiberiya ta Rasha da yanyawa, kowane zubi sai ya ware mafi sanyin hali su haihu, ba a daɗe ba sai ga jikoki na kaɗa wa mutane wutsiya. Kuma ka lura mai cin nama guda da ya taɓa yi wa mutum aikin sufuri da gaske kare ne, masu jan keken ƙanƙara a Alaska, shi ma don asalinsa kerkeci ne mai rayuwa cikin ayari da bin na gaba. Saboda haka ka sa dabbarka ta zama mai zaman dangi. Ni da kura zan yi koyi ba da damisa ba, kura na da dangi, mata ke shugabanci, tana da juriyar bin nama kilomitoci, ga muƙamuƙin fasa ƙashi. Ka sa mahayi ya karɓe ta tun tana jaririya ta tashi da warin jikinsa, wanda ke nufin in ya mutu ba mai iya gadonta, sai ka yanke shawarar abin da al'ummar ke yi da dabbar da ta rasa mai ita.

Dalilin da ya sa ba ta cinye mahayin, shi ma kimiyya ta ba ka kyauta. Sinadaran da ke gina naman duk wani mai rai a duniyarmu suna iya zuwa da siffa biyu kamar hannun hagu da na dama, namu duk na hagu ne, in halittun can nasu na dama ne to naman mutum ba zai amfane ta ba, ƙila ma ya ɓata mata ciki. Amma ka tuna rashin ci ba ya hana kisa, dorina a Yauri ciyawa take ci kuma masu kwalekwale sun san ta sarai.

Kayan hawa kar ka kwafo na hawan sallah kai tsaye. Linzami na zama a bakin doki ne saboda akwai fili tsakanin haƙoransa na gaba da turame, dabbar da ke tauna ƙashi kuwa ka sa mata ƙarfe a baki ko ta karya shi ko ta karya haƙori. Ka nemi wani waje mai taushi, hanci irin na akalar raƙumi, ko wata jijiya bayan kunne, ko fito. Larabawa masu farauta da shaho hular fata suke sa masa ta rufe ido ya natsu, kai ma ka yi wa taka irinta don shiga gari. Ƙaimi kam ka manta da shi sai in mahayin ya gaji da ƙafarsa. Likkafa ta zama gajera, ƙafa ta yi nesa da baki. Sannan bargarta a bayan ganuwa take saboda wari da kukan da ke firgita sauran dabbobi, kuma a samu mai sarauta irin Shamaki da ke kula da ita, da wuya ka same shi da yatsu goma cif, mata ba su son a kai 'yarsu gidansa.

Wajen rubutun kansa, kar ka tsaya ka zayyana ta daga kai har wutsiya a sakin layi guda, ba mai riƙewa. Ka bari a fara jin warinta, a ga awaki sun yi tsit, a ga yara an ja su cikin gida, siffarta ta riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. Kuma aƙalla sau ɗaya a labarin ta ƙi bin umarni a daidai lokacin da jarumi ya fi buƙatarta, ta ji warin jini a fagen yaƙi ta tsaya cin gawar dabbar abokin gaba alhali ana bin su, ko lokacin barbara ya zo ta juya da shi daji. Ka shuka alamar tun babi na biyu ko na uku, Shamaki ya gargaɗe shi cewa kar a fita da ita da yunwar kwana tara, shi kuma ya yi kunnen ƙashi saboda sauri, sai ka bar maganar ta kwanta har wajen babi na goma sha.