Yadda Za Ka Yi Wa Shugaban da Ka Zaɓa Gyara Ba Tare da Ka Ci Mutuncinsa Ba

Duk wanda ya taɓa bin layi cikin rana ya jefa wa mutum ƙuri'a yana da haƙƙin tambayarsa abin da ya yi da amanar da aka ba shi, ko da kuwa jam'iyyarsu ɗaya. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tabbatar da wannan 'yanci, sai dai yadda ake amfani da shi ne ke bambanta mai gyara da sojan baka.

Ka fara da sanin wanda alhakin ya rataya a wuyansa. Idan famfon unguwa ya lalace ko rufin makarantar firamare ya yaye, kansila da shugaban ƙaramar hukuma ne mafi kusa da maganar. Aikin sanata da ɗan majalisar wakilai shi ne yin doka, da amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido kan yadda ake kashe shi, sai kuma ayyukan mazaɓu da suke sanyawa a cikinsa. Wanda ya ɗora wa sanata laifin kwatar da ta toshe ya ba wa mai laifin na gaskiya mafaka.

Daga nan sai ka tara hujja. Ka je wurin da ƙafarka, ka ɗauki hoton ginin da aka bari a linta, ka karanta allon da aka kafa a gabansa, ka rubuta sunan hukumar da ta ba da kwangilar. Idan aikin na gwamnatin tarayya ne, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukumar takarda, kuma ta wajabta mata ba da amsa cikin kwana 7. Maganar da aka tsinta a teburin mai shayi ba ta isa a tsaya da ita gaban mutane ba.

Idan jam'iyyarku ɗaya da wanda ka zaɓa, to ka fara ta cikin gida. Ku haɗu ku biyar ko shida, da dattijo ɗaya a cikinku, ku sami shugaban jam'iyya na mazaɓa, ku ba shi takarda mai kwanan wata da sa hannu, ku riƙe kwafinta. Idan kun sami ganin shugaban da kuka zaɓa da kansa, ku gaishe shi yadda ya dace, ku ce masa "ranka ya daɗe", ku ambaci abin kirkin da ya yi in akwai, sannan ku faɗi damuwarku kai tsaye ba tare da kwana-kwana ba. Kada ɗayanku ya sako buƙatar kansa a wannan zama, domin da zarar an karɓi kuɗin mota, maganar da ta kai ku ta mutu a nan. Za a sami masu cewa kuna yi wa jam'iyya zagon ƙasa. A ganina mai zagon ƙasa shi ne wanda ya ga jama'a suna guna-guni ya ɓoye wa maigidansa har ranar da aka ƙirga akwati.

Idan an yi watanni ba amsa, fitowa fili ba cin amana ba ne, amma a nan ne ake bukatar kame baki. Ka tsaya kan aikin: nawa aka ware, yaushe aka fara, ina aka tsaya. Iyayen mutum da iyalinsa da asalinsa da halittarsa ba su shiga kasafin kuɗi ba, don haka kada su shiga bakinka, a rediyo ne ko a Facebook. Kujerar da yake kai ta dubban mutanen da suka zaɓe shi ce, kuma idan ka zage shi su ma ka taɓa su, sai su bar duba hujjarka su koma kare gwaninsu.

Tarihin Kano ya isa ya sa mutum ya yi hattara. Jam'iyyar PRP ta ci gwamnonin Kano da Kaduna a 1979, amma ba a jima ba ta rabe gida biyu, 'yan taɓo suna tare da Malam Aminu Kano, 'yan santsi suna bayan Abubakar Rimi da Balarabe Musa, alhali dukkansu da'awar kare talaka suke yi. Kwankwaso da Ganduje sun yi gwamna da mataimaki har sau biyu kafin su ɓata. Malam Ibrahim Shekarau ya shiga NNPP ya haɗu da Kwankwaso a 2022, ya kuma fice a shekarar. Manya suna rabuwa su shirya gwargwadon lissafinsu, amma maƙwabcin da ka daina gaisarwa saboda launin hularsa yana nan a ƙofar gidanka, kuma sahu ɗaya kuke bi a masallaci. Ku yi musu iya son ranku, amma idan an yi masa haihuwa ko rasuwa ka kasance cikin na farkon zuwa.

Idan gyara ya ƙi, doka ta tanadi kiranye ga 'yan majalisa. Sashe na 69 na kundin tsarin mulki, wanda ya shafi 'yan majalisar tarayya, ya ce sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Hanya ce mai wuya, kamar yadda aka gani a Kogi ta Yamma a 2018, inda yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye ya tsaya a matakin tantance sa hannu. Gwamna kuwa ba a yi masa kiranye, majalisar dokokin jiha ce kaɗai ke iya tsige shi. Saboda haka ka adana katin zaɓenka tare da kwafin takardun da kuka rubuta, ka kuma tabbatar sunanka yana cikin rajistar jam'iyya ta mazaɓarku tun kafin lokacin zaɓen fid da gwani.