Waƙoƙin samarin Japan da za ka iya rerawa a karaoke a Legas

Na farko dai, kada ka zaɓi waƙa don kawai kana sonta. Ka duba mutanen da ke ɗakin karaoke tukuna, wato wurin da ake sa kiɗan waƙa babu muryar mawaƙi, kai ka rera. Waƙoƙin ƙungiyoyin samarin Japan, irin su SMAP da Arashi, an tsara su ne don baki biyar ko shida: wannan ya ɗauki layi biyu, ya miƙa wa na kusa da shi, sannan duka su haɗu a amshi. Idan ka ce kai kaɗai za ka kwashe duka, numfashinka zai ƙare kafin a kai rabi. Tsarin nasu ba baƙo ba ne a wurinmu, kamar makaɗin fada ne da 'yan amshinsa, sai dai su kowa yana samun nasa lokacin na zama jagora. Saboda haka idan mun fita ni da abokan aikina na Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Ikeja, tun a cikin mota muke raba baituka, kowa ya san inda zai shigo.

Waƙar da nake fara ba kowane sabon shiga ita ce "Sekai ni Hitotsu Dake no Hana" ta SMAP, wadda aka fitar a 2003, Noriyuki Makihara ya rubuta ta. Ta sayu fiye da kwafi miliyan 3, kuma da wuya ka sami mutumin Japan da bai san ta ba. Ba ta da sauri, ba ta hawa sama sosai, kalmominta kuma suna fita ɗaya bayan ɗaya ba tare da cunkoso ba. Maganar da ke cikinta mai tsabta ce, cewa kowane mutum fure ne da babu irinsa, ba sai ya zo na ɗaya ba, don haka ko da ƙannenka mata a wurin ba za ka ji kunya ba. Akwai 'yar rawar hannu da ake yi a amshinta, wadda ko a zaune kake za ka iya. SMAP sun watse a ƙarshen 2016, amma waƙar tana nan daram.

Daga nan sai Arashi, su biyar, da suka fara a 1999 suka dakata da aiki a ƙarshen 2020. Ni a ganina waƙoƙinsu ne suka fi dacewa da taron abokai. "Love so sweet" ta 2007, wadda aka yi wa wasan talabijin na Hana Yori Dango kashi na biyu, tana da amshi mai saurin kama kunne, wanda bai taɓa jin ta ba ma zai fara tafi a zagaye na biyu. "Happiness", ita ma ta 2007, ta fi ta zafi, ka ajiye ta sai lokacin da ɗaki ya fara sanyi, kowa ya koma kan wayarsa. Amma ka yi hattara da waƙarsu ta farko, "A・RA・SHI". Akwai rap ɗin Sho Sakurai a cikinta, kuma yana gudu. Idan babu mai saurin baki a cikinku wanda ya haddace wurin tun daga gida, ku bar ta.

Idan ku biyu ne kawai masu ƙarfin hali, babu kamar "Seishun Amigo" ta 2005, da Kazuya Kamenashi da Tomohisa Yamashita suka rera da sunan Shuji to Akira, sunayen da suka fito da su a wasan Nobuta wo Produce. Waƙar aminai biyu ce, kiɗanta yana da ɗan kaushi da ɗan baƙin ciki, kuma muryar namiji ta yau da kullum tana ɗaukarta ba tare da wahala ba. "Garasu no Shounen" ta KinKi Kids, 1997, ita ma ta mutum biyu ce, Tatsuro Yamashita ya yi kiɗanta, sai dai tana son wanda ya iya jan murya.

Yawancin Hausawan Legas da na sani suna sauraren waƙar Japan ta hanyar anime, wato fina-finan zane na Japan, suka shigo, to ga su ina da "Change the World" ta V6, wadda ta buɗe shirin anime na Inuyasha a 2000. Da zarar kiɗan ya tashi za ka ga wanda ka ɗauka babu ruwansa ya miƙe.

Yanzu maganar harshe, wadda ita ce take tsorata mutane, alhali mu ne ya kamata ta fi yi wa sauƙi. Ka nemi kalmomin waƙar a romaji, wato Japananci da aka rubuta da haruffan boko, ka karanta su kamar kana karanta Hausa, kada ka karanta su da bakin Turanci. Wasulansu biyar ne, a, i, u, e, o, irin namu. Suna bambanta dogon wasali da gajere kamar yadda muke yi, suna kuma ninka baƙi, wato inda ka ga tt ko kk ka danne shi yadda kake danne na "hatta" ko "Makka". Harafin r nasu na kaɗa harshe sau ɗaya ne, kusa da na "rana". Har f ɗinsu da leɓɓa biyu ake yin sa ba da haƙori ba, yadda Bakano yake furta "fura". Abokanmu Yarabawa da Ibo da muke zuwa tare sukan tambaye ni, "Malam, ina ka koyo?" Ban koya a ko'ina ba, bakin ne ya riga ya saba.

Wuraren da ake tuntuɓe kaɗan ne. Ch ɗinsu shi ne c namu. Tsu ba irin tsa ɗinmu mai ƙarfi ba ne na "tsuntsu", ka sassauta shi, t da s a haɗe ba tare da matse maƙogwaro ba. Inda ka ga ou, o ne mai tsawo. Wo da ke tsaye ita kaɗai yawanci o ake cewa, kuma wasu masu rubuta romaji suna sa ha a inda mawaƙi yake cewa wa, saboda haka kunnenka ya zama alƙali, ba takarda ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne n da ke ƙarshen gaɓa: a waƙa sau da yawa tana cin bugu guda nata na kanta. Idan ka haɗiye ta, za ka riga kiɗa isa ƙarshen layi, ka tsaya kana jira.

Yadda nake koyon sabuwar waƙa shi ne in fara da amshi kawai. Ina sa ta a kunne daga Agege zuwa Ikeja, idan gosulo ya kama kuwa har ta ƙoshi. Sai amshin ya zauna nake komawa baitin farko. Baiti na biyu ba na haddace shi, karantawa nake yi daga waya, domin karinsa ɗaya ne da na farko.

A Japan injinan karaoke irin su DAM da JOYSOUND suna da dubban waƙoƙi, a nan kuwa wuraren karaoke na Lekki da Victoria Island da Ikeja sun fi cika jerinsu da waƙoƙin Turanci da na Najeriya. Kafin ku biya kuɗin ɗaki ka tambaya ko za a bari ku haɗa waya da talabijin ko a buɗe muku YouTube. Ka rubuta sunan waƙar tare da "karaoke romaji" ko "off vocal", wato kiɗa babu murya, ka adana tun daga gida inda intanet yake da ƙarfi, don kada ta tsaya tana juyawa a tsakiyar amshi. Idan bidiyon da ka samu rubutun Japan ne kawai a kansa, babu laifi, kiɗa daga talabijin, kalmomi daga wayarka. Mu mun fi son ɗaki na keɓe a kan babban zaure, saboda ba kowa ne a cikinmu yake son zama inda ake shaye-shaye ba, kuma muna fita ne bayan isha'i. Wani lokaci ma falon wani muke amfani da shi, sifika mai Bluetooth da makirfo biyu sun wadatar, in dai an yi cajinsu kafin a ɗauke wuta.

Idan injin wurin yana da maɓallin sauke sautin kiɗa, ka yi amfani da shi ba tare da jin nauyi ba. Mawaƙan Japan maza suna hawa sama fiye da yadda yawancinmu muka saba, sauke mataki biyu ko uku yakan gyara komai. Mata kuma sau da yawa waɗannan waƙoƙi suna zama musu daidai yadda suke, ko su ɗaga kaɗan. Akwai dai waɗanda maɓalli ba ya ceto: "Imitation Rain" ta SixTONES, 2020, wadda Yoshiki na ƙungiyar X Japan ya shirya, da "CITRUS" ta Da-iCE. Masu daɗi ne ƙwarai, amma tazarar da ke tsakanin ƙasansu da samansu tana da faɗi, idan ka sauke don ka kai sama sai ƙasan ya gagare ka. Ka saurare su a mota.

Ta rufe taro kuwa, ko dai "U.S.A." ta DA PUMP, 2018, inda kowa yake tsalle da ƙafa ɗaya yana girgiza babban yatsa, ko "Choo Choo TRAIN" ta EXILE, 2003, wadda ake jeruwa ɗaya bayan ɗaya ana juya jiki a da'ira. A waɗannan biyun murya ɗaya mai ƙarfi ta isa ta riƙe makirfo, sauran su ture tebur gefe. Ka sa ta saura minti 10 lokacinku ya cika, domin in ka bari sai mai wurin ya leƙo, za a kashe muku kiɗa ana tsakiyar rawa.